Tsohon Suna da Sabon Hali: Yadda Gadarif ke Auna Jami'o'in Hartum

Har zuwa safiyar Asabar 15 ga Afrilun 2023, idan aka tambayi magidanci a Gadarif wace jami'a ce ta fi a Sudan, ba ya dogon tunani. Jami'ar Hartum ce, sauran su biyo baya. Gardamar da ake yi a majalisu ba ta wuce ta wanda ke bi mata ba: ko Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, ko Nilain, ko Jami'ar Jazira da ke Madani, ko kuwa ta Musulunci da ke Umdurman ga mai son shari'a da Larabci. Jami'ar garin kuwa, wato Jami'ar Gadarif, can ƙarshen lissafi take zuwa. Ita ce wadda ɗalibi kan rubuta a ƙasan takardar neman gurbi don kada ya tashi a tutar babu.

A wannan safiya ce yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF a tsakiyar babban birnin, kuma cikin makonni kaɗan hanyar da ta saba ɗaukar ɗalibai daga Gadarif zuwa Hartum, tafiyar kilomita ɗari huɗu da ɗoriya, ta koma ɗauko su tana maido su gida, tare da malamansu da iyalan malaman. A watan Disamba na wannan shekara Madani ta faɗa hannun RSF, a tsakiyar 2024 Sinja ta bi sahu, jama'a suka ƙara kwararowa gabas. Jami'o'in da ake tinƙaho da su suka koma neman aron ɗakunan jarrabawa da asibitocin koyarwa a Fot Sudan, Kasala, Gadarif da Atbara, wasu ma har Alƙahira da Riyad. Wadda ake rubutawa a ƙasan takarda ta wayi gari tana cikin masu ba da masauki.

Duk da haka jerin fifikon da ke kan mutane bai motsa ba, jadawalan duniya ma ba su motsa sosai ba. Wannan kaɗai ya isa a tambayi abin da ma'aunan nan suke aunawa tun farko, musamman ga Bahaushen Gadarif da zai sayar da riɗin shekara guda don ya biya wa ɗiyarsa karatun likita.

Inda sunan ya samo asali

Sunan Jami'ar Hartum ba da bakin talla aka gina shi ba. Tushenta Kwalejin Gordon ce da Turawan Ingila suka buɗe a 1902, sai makarantar likitanci ta Kitchener a 1924. A 1951 aka haɗe su suka zama kwaleji ɗaya mai alaƙa da Jami'ar Landan, sannan a 1956, shekarar da Sudan ta sami 'yancin kai, ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Likitoci, alƙalai da manyan ma'aikatan da suka riƙe ƙasar shekaru da dama daga nan suka fito. A harabarta ne aka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi ranar 21 ga Oktoban 1964, abin da ya tayar da boren da ya kawar da mulkin Janar Ibrahim Abbud. Ba banza ba 'yan Sudan ke yi mata kirari da kyakkyawa mai wuyar samu.

Ƙasar Hausa ma ta sha daga wannan rijiya. Malaman Sudan ne, ciki har da Shaihu Bashir al-Rayyah, aka ɗauko suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II kuwa a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Hartum ya karanci shari'a a shekarun 1990. Saboda haka idan Bakano ko Bakatsine ya ce ɗansa yana karatu a Sudan, akwai tsohuwar daraja da ke bayan maganar.

Kowace daga sauran manyan jami'o'in birnin da irin gadonta. Ta Musulunci da ke Umdurman ta taso ne daga Ma'ahadul Ilmi na 1912, ta zama jami'a a 1965. Nilain reshen Jami'ar Alƙahira ce da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1950, gwamnatin Umar al-Bashir ta karɓe ta a 1993 ta sauya mata suna, kuma ta gaji sunan makarantar lauyoyi da akantoci da ma'aikatan da ke karatu da yamma. Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha tsohuwar kwalejin koyon sana'a da injiniyanci ce da aka ɗaga darajarta a 1990. Ahfad, jami'ar mata zalla, jika ce ga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Ta fara a matsayin kwaleji a Umdurman a 1966, ta zama jami'a a 1995. Ita kuwa Jami'ar Afirka, daga Cibiyar Musulunci ta Afirka ta 1977 ta fito, aka mai da ita jami'a a 1992, kuma ɗaliban ƙasashen waje ne ƙarfinta. A gefen masu kuɗi akwai jami'ar likitanci da fasaha da Farfesa Ma'amun Humaida ya kafa a 1996, wadda ke koyarwa da Turanci.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa ba abu ɗaya ake kwatantawa ba. Makarantar da aka gina don fitar da alƙalin shari'a da wadda aka gina don fitar da injiniyan lantarki ba su da sikeli ɗaya. Jera su daga ta ɗaya zuwa ta goma sauƙaƙa wa baki magana ne kawai.

Jami'ar Gadarif kuma 'yar wani zamani ce daban. Kafin juyin mulkin 1989 jami'o'in Sudan ba su wuce biyar ba. Sabuwar gwamnati ta ƙaddamar da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi a 1990: ta mai da Larabci harshen koyarwa, ta ninka yawan ɗaliban da ake ɗauka, ta shiga buɗe jami'o'i a jihohi har na gwamnati suka haura talatin. An fara da Jami'ar Gabas, sannan a 1994 aka raba ta uku: Kasala, Bahar Maliya da Gadarif. An buɗe ƙofa ga 'ya'yan manoma da makiyaya waɗanda da ba su da rabo, wannan gaskiya ne. Amma an buɗe ta ba tare da isassun kuɗi, ɗakunan gwaji da manyan malamai ba, kuma wannan tabo ne ya bi jami'o'in jihohi har yau.

Ma'auni na farko: nisba

Jadawalin da ya fi tasiri a gidajen Gadarif ba daga Landan yake zuwa ba. Daga ofishin ɗaukar ɗalibai na ma'aikatar ilimi mai zurfi yake fitowa. Ɗalibi zai zana jarrabawar kammala sakandare, wadda kowa ke kira shahada, ya fito da nisba, wato makinsa cikin ɗari. Zai jera kwalejojin da yake so bisa fifiko, a raba gurabe daga mai babban maki zuwa ƙasa. Makin ɗalibi na ƙarshe da ya samu shiga kowace kwaleji shi ke zama farashinta a idon jama'a. Likitanci a Jami'ar Hartum ya daɗe yana sama da 90 cikin ɗari, injiniyan lantarki da haɗa magunguna suna biye.

Abin da wannan adadi ke nunawa shi ne yawan masu so, ba ingancin abin da ake koyarwa ba. Iyaye suna tura 'ya'yansu masu ƙwazo inda suka ji suna, makin shiga ya hau, hawan makin ya ƙara wa wurin suna, shekara mai zuwa a maimaita. Kwalejin da ta rasa rabin malamanta za ta iya shekaru tana riƙe da babbar nisba, domin labarin tafiyar malaman bai kai ga masu cike takarda ba.

Akwai kuma abin da nisba ke ɓoyewa. Yaron da ya taso a ƙauyen Hausawa a gaɓar kogin Rahad, wanda harshen gidansu Hausa ne, ya fara da makarantar allo, ya shiga makarantar da malamin lissafi ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa, yana hutun dole duk lokacin yankan riɗi, idan ya fito da 78 ya yi aikin da ya fi na wanda ya fito da 88 daga makarantar kuɗi a unguwar Riyad ta Hartum da malaman darasin gida. Tsarin bai san wannan ba. An tanadi gurabe na musamman ga 'yan jihohin da aka bari a baya, amma a ɗaya gefen an buɗe ƙofar shiga da kuɗi, wadda ake kira ƙabul has, inda mai ƙaramin maki ke zama aji ɗaya da mai babba idan mahaifinsa zai iya biya. Wannan ƙofa ce ta rage wa nisba ma'anar da take da ita a da.

Abin da ya fi ban takaici ga Gadarif shi ne matsayin noma a wannan tsani. Jihar ita ce rumbun dawa da riɗin Sudan. A yankin Gadambaliya aka fara noman tarakta mai dogaro da ruwan sama a tsakiyar shekarun 1940, kuma kasuwar amfanin gona ta Gadarif ce ke yanke farashin da 'yan kasuwar ƙasar ke kallo. Amma kwalejojin aikin gona suna cikin masu ƙaramar nisba, har ana kallon wanda ya shiga kamar wanda ya rasa abin yi. Ɗan manomin da ya fi kowa sanin baƙar ƙasar nan mai darewa da rani, tsanin daraja yana gaya masa ya guje ta.

Ma'auni na biyu: jadawalan duniya

Jera jami'o'in duniya sabon abu ne. Wata jami'a a Shanghai ce ta fara a 2003, don ƙasar Sin ta ga tazarar da ke tsakaninta da Amurka. A 2004 mujallar Times Higher Education da kamfanin QS suka fito da nasu tare, daga baya suka raba gari kowa ya kama nasa. A wannan shekara ta 2004 wata cibiyar bincike a Sifen ta fara Webometrics, wanda shi ne jami'o'in Sudan suka fi yawan ambato a sanarwarsu, domin kusan kowace jami'a mai shafin intanet tana samun lamba a cikinsa.

Ya kamata mai karanta waɗannan lambobi ya san abin da ke cikin tukunyar. Na Shanghai yana ba da kashi 30 cikin ɗari ga lambobin yabo na Nobel da Fields da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci, wani kashi 20 ga maƙalolin da suka fito a mujallu biyu kacal, Nature da Science. A na QS, tun sauyin da aka yi a 2023, kashi 45 cikin ɗari ra'ayin mutane ne: 30 na malaman jami'o'i da aka tambaya, 15 na masu ɗaukar ma'aikata. Wato kusan rabin makin suna ne ake aunawa don a tabbatar da suna. Times ba ta ko duba jami'ar da ba ta wallafa maƙaloli 1,000 cikin shekara biyar a mujallun da rumbun Scopus ya amince da su ba. Webometrics kuwa ya daɗe yana ba da rabin makinsa ga yawan shafukan waje da ke nuni zuwa shafin jami'ar.

Da irin wannan awo, Jami'ar Hartum ce kan zo ta ɗaya a Sudan, Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da Jazira da Nilain suna musayar wuri a bayanta. Amma a jerin duniya, idan sun bayyana, can bayan ta dubu suke, inda bambancin da ke tsakanin wannan da waccan bai taka kara ya karya ba. Jami'o'in da ƙarfinsu ke cikin Larabci, irin ta Umdurman da ta Alƙur'ani da Jami'ar Afirka, sun faɗi tun kafin a fara, domin littafin fiƙihu ko nazarin nahawu da aka buga da Larabci a Hartum ba ya shiga rumbun da ake ƙirgawa. Kuma babu ko ɗaya daga jadawalan nan da ke shiga aji ya ga ko malami ya zo.

Ƙorafi kan jadawalan nan ba na matalauta kaɗai ba ne. Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta ƙi shiga gasar, Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta janye daga jadawalin Times a 2023, ta Zurich ta bi ta a 2024. Dalilinsu guda ne: lamba ɗaya ba ta iya ɗaukar aikin jami'a.

Aiki a Gadarif, lada a Hartum

Akwai wani gefe na wannan lissafi da ya shafi Gadarif kai tsaye, kuma ba kasafai ake faɗinsa ba. Wani yanki mai tsoka na binciken lafiya da ya ɗaga sunan Jami'ar Hartum a duniya, a ƙauyukan jihar Gadarif aka yi shi.

Ƙauyen Darawish, 'yar tafiya kaɗan daga birnin Gadarif, wanda mutanensa jikokin Fulanin Afirka ta Yamma ne, sananne ne ga masana zazzaɓin cizon sauro a faɗin duniya. Shekara da shekaru masu bincike na Jami'ar Hartum da abokan aikinsu na Kofanhegan da Edinbara suna bin mutanen ƙauyen, suna ɗibar jininsu damina da rani, don gane yadda ƙwayar cutar ke laɓewa a jiki tsawon watannin da babu sauro. Ƙauyen Asar ma haka, a can aka bi diddigin yadda ƙwayar ke bijire wa magani.

Sai kala-azar, cutar da ke kumbura saifa, ta ramar da mutum, ta kashe shi idan ba a yi magani ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizo ne ke yaɗa ta, wanda ke son dazukan aduwa da ƙaya na gaɓar kogunan Rahad da Atbara, kuma jihar Gadarif na cikin wuraren da ta fi yin ɓarna a duniya. Cibiyar Nazarin Cututtukan Gida ta Jami'ar Hartum ta yi dogon aiki a ƙauyukan Hausawa da na Masalit na yankin. A asibitin Kassab aka yi wani ɓangare na gwajin da ya kai ga haɗa allurai biyu don rage jinyar daga kwana 30 zuwa 17, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga Gabashin Afirka a 2010.

Wannan aiki ne na alheri, ya ceci rayuka, kuma malaman da suka yi shi sun cancanci yabo. Amma a jadawali, makin maƙala yana tafiya ne ga adireshin da aka rubuta ƙarƙashin sunan marubuci. Majinyatan na Gadarif ne, ma'aikatan jinya da masu tafinta tsakanin likita da tsohuwar da ba ta jin Larabci na Gadarif ne, makin kuwa na Hartum ne da na Turai. Jami'ar da ke zaune a tsakiyar filin binciken, mai kwalejin likitanci tata, ba ta da na'urorin da za su riƙe samfurin jinin, saboda haka sai a ɗauke shi a mota a yi yamma da shi. Jadawalin ya nuna Hartum a sama, Gadarif a ƙasa, mai kasafin kuɗi ya duba jadawalin ya ƙara wa ta sama.

Haɗarin tara komai a wuri ɗaya ya fito fili da yaƙin. Cibiyar binciken maisetoma, cutar da ke cin ƙafar manoma da makiyaya, wadda Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa a Soba da ke Hartum a 1991, ita ce kan gaba a duniya a fanninta, kuma da ƙoƙarinta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin waɗanda aka yi watsi da su a 2016. An wawashe ta, an lalata samfuran da aka yi shekara da shekaru ana tarawa. Da an ajiye rabinsu a Gadarif ko Kasala, da ba a yi asarar duka ba.

Lambar bana, hoton shekarun baya

Jadawalan duniya suna ƙirga maƙalolin shekaru biyar da suka wuce da ra'ayoyin da aka tara na shekaru. Saboda haka lambar da aka buga a 2024, lokacin da babu ɗalibi ko ɗaya a harabar Jami'ar Hartum da ke kan titin Jami'a, hoton Hartum ce ta kafin yaƙi. Nisba ma haka. Shahadar 2023 ba a samu zana ta ba sai ƙarshen Disambar 2024, kuma waɗanda suka zana sun cike takardunsu ne da tsohon jerin da suka gada daga yayyensu.

Ko kafin yaƙin ma akwai abin da ba ya bayyana a lamba, wato kalanda. An rufe jami'o'i watanni da dama lokacin boren da ya fara a Disambar 2018, sai annobar korona a 2020, sai yajin aiki da zanga-zangar da suka biyo juyin mulkin Oktoban 2021. Rukunin ɗalibai suka taru a kan juna, karatun shekara biyar ya koma bakwai ko takwas. Ga iyalin da ke aika kuɗin haya da abinci daga Gadarif duk wata, shekara biyu ta ƙari ta fi kowace lamba nauyi.

Yaƙin ya kawo sabuwar jarrabawa da ba a taɓa sa wa jami'o'in ba: wace ce ta tsira da bayanan ɗalibanta, wace ce ta iya fitar da takardar sakamako ga wanda ya gudu, wace ce ta samar wa 'yan ajin ƙarshe na likitanci asibiti. Jami'ar Ma'amun Humaida ta kai ɗalibanta Tanzaniya da Ruwanda cikin watannin farko, abin da ya nuna ƙarfin aljihu da na hulɗa. Ɗaliban Najeriya da aka kwaso ta kan iyakar Masar da ta Fot Sudan a farkon Mayun 2023, da yawansu daga Jami'ar Afirka, sun gane cewa abin da jami'o'in gida ke tambaya kafin su karɓe su shi ne takardar sakamako mai hatimi, ba matsayin makarantarsu a Webometrics ba.

Abin da ba za a ƙwace wa Hartum ba

Kuskure ne a ɗauka cewa tunda gine-gine sun lalace, darajar ta koma gabas. Jami'a mutane ce kafin ta zama gini. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Hartum sun cika asibitocin Saudiyya, Ingila da Ailan, kuma su ne ke buɗe wa na bayansu ƙofa. Mai ɗaukar ma'aikata a Riyad ya san sunan, bai san na Gadarif ba. Wannan jari ne na gaske, kuma uban da ya yi la'akari da shi bai yi wauta ba. Sojoji sun ƙwato Madani a Janairun 2025, suka ƙwato tsakiyar Hartum a watan Maris, kuma komawa ta fara.

Ita ma Jami'ar Gadarif ba masaukin baƙi ne zai wanke mata rauninta ba. Ƙarancin manyan malamai yana nan, albashin da hauhawar farashi ya cinye yana korar waɗanda suka rage zuwa ƙasashen Larabawa, asibitin koyarwar garin kuma ya sha nauyin da ya fi ƙarfinsa, daga kwalarar da ta ɓarke a 2023 zuwa zazzaɓin denge da ɗimbin 'yan gudun hijira. Amma akwai misalin da ke nuna cewa jami'ar wajen babban birni na iya yin suna da hanyarta. Jazira, wadda aka kafa a 1975, ba ta kwaikwayi Hartum ba. Ta gina karatun likitancinta a kan tura ɗalibai ƙauyuka tun shekarun farko, har ta zama abin koyi a ƙasashe masu tasowa. Fagen da Gadarif za ta yi irin wannan a bayyane yake: noman damina na tarakta, ajiyar hatsi, cututtukan yankin, lafiyar dabbobin yankin Butana, da sha'anin kan iyaka da 'yan gudun hijira, tunda sansanonin Um Rakuba da Tunaidba da mashigar Gallabat duk a jihar suke.

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif ba a sayen riɗi da sunan mai gona. Dillali kan soka buhu ya zaro, ya murza a tafin hannu, ya duba fari da tsakuwa kafin a yi maganar kuɗi. Irin wannan dubawa ce zaɓen jami'a ke bukata, kuma kwaleji ake sokawa, ba jami'a ɗungurungum ba. Mai neman likitanci ya tambayi ko Majalisar Likitocin Sudan ta tantance kwalejin, domin majalisar ta samu amincewar hukumar ilimin likitanci ta duniya a 2018, kuma wannan tantancewa ce ke buɗe ƙofar jarrabawar aiki a waje. Ya tambayi a wane asibiti ake koyarwa yanzu, ɗalibai nawa ke zagaye gado ɗaya. Wanda ke da niyyar yin aiki a Kano ko Maraɗi ya fara binciken ko hukumomin can sun san takardar, domin a Najeriya likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar majalisar likitocin ƙasar kafin ya taɓa majinyaci. Mai neman injiniyanci ya tambayi ko ɗakin gwajin yana nan ko an kwashe. Kowa kuma ya tambayi rukunin da ya shiga shekara shida da suka wuce ko ya fita.

Waɗannan bayanai suna hannun ma'aikatar ilimi mai zurfi da majalisun sana'o'i. Wallafa su kwaleji bayan kwaleji, kafin a buɗe cike takardun neman gurbi, ba ya bukatar kuɗin gina ko aji ɗaya. Babbar shawarar kuwa tana gaban masu rabon kuɗin sake gini: ko a mayar da kowace na'ura da kowane ɗakin bincike gaɓar Nilu kamar yadda suke a da, ko a bar wani kaso a Gadarif, Kasala da Fot Sudan, garuruwan da suka riƙe ɗaliban ƙasar lokacin da babban birnin ya kasa.